Fashin baƙi: dalilin da ya sa hanta ke tofowa, zuciya kuwa sai tabo

Likitan fiɗa zai iya yanke fiye da rabin hantar mutum ya ɗinke ciki, bayan 'yan watanni a ɗauki hoto a tarar hantar ta kusa komawa girmanta na da. Amma wanda aka kawo Asibitin Komfo Anokye na Kumasi daga Aboabo ko Asawase da bugun zuciya, ko an ceto ransa, naman zuciyar da ya mutu ya tafi ke nan. Tabo ne zai maye gurbinsa, tabo kuwa ba ya bugawa. Jiki ɗaya ne, jini ɗaya, kuma rubutun gadon da ke cikin ƙwayar hanta shi ne dai a cikin ƙwayar zuciya, harafi da harafi. To daga ina bambancin ya fito?

Kaso mai tsoka na amsar yana hannun wasu 'yan ƙwayoyin gado da ke yanke hukuncin ko ƙwayar jiki za ta rabu biyu ko za ta zauna. Don kada sunaye su rikice, ƙwayar jiki za mu riƙa ce mata sel, ƙwayar gado kuma ita ce gutsuren DNA, wato rubutun gadon nan, da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin guda.

Zango huɗu

Sel ba ya tashi haka kawai ya tsage biyu. Tafiya ce mai zango huɗu, kamar ta fataken goro. A zangon G1 yana girma yana tara guzuri. A zangon S yana kwafe DNA ɗinsa gaba ɗaya, haruffa wajen biliyan 6. A G2 yana duba kwafin ko akwai kuskure. A M ne yake jera kuromosom 46 ɗin da ya ninka, wato dunƙulen da DNA ke naɗe a ciki, ya raba su gida biyu, sannan ya tsuke tsakiyarsa ya yanke. Ga sel ɗin mutum da ake reno a ɗakin gwaji, tafiyar kan ci kusan awa 24: kimanin 11 a G1, 8 a S, 4 a G2, 1 a M. Wanda ya fita daga ayarin ya zauna, an ce yana G0. Zaman nan iri-iri ne, kuma a nan gizo ke saƙa: akwai mai hutawa da za a iya tasowa, akwai wanda ya zauna har abada domin ya kama sana'a, akwai kuma wanda tsufa ko rauni ya zaunar.

Abin da ke tura sel daga zango zuwa zango furotin biyu ne da ba sa aiki sai tare, kamar ruwan gatari da ƙota. Ruwan shi ne CDK, kullum yana nan a ajiye. Ƙotar ita ce saikilin, ana sassaƙa ta idan lokacinta ya yi, da an gama aiki kuma a ƙone ta. Ƙonewar nan ce ke hana tafiyar komawa baya. Saikilin D na shiga CDK4 ko CDK6 a farkon G1, saikilin E da CDK2 su buɗe ƙofar S, saikilin A ya raka sel cikin S da G2, saikilin B da CDK1 su shigar da shi M. A yis aka fara gano wannan tsari, da kuma ƙwan bushiyar teku, abin da ya ba Leland Hartwell da Paul Nurse da Tim Hunt kyautar Nobel a 2001.

Hukunci mafi girma a ƙarshen G1 ake yanke shi. Akwai furotin E2F, wanda shi ke kunna ƙwayoyin gadon kwafar DNA, amma a ɗaure yake a turke, turken kuwa shi ne furotin Rb. Idan saƙon girma ya iso daga wajen sel, saikilin D ya yawaita, CDK4 da CDK6 su fara manna wa Rb wani ɗan sinadari mai suna fosfet, igiya ta sassauta. E2F da ya ɗan samu sarari sai ya sa a ƙera saikilin E, shi kuma ya ƙara manna wa Rb fosfet har turken ya tuge. Daga nan ko saƙon waje ya yanke, sel zai ƙarasa tafiyarsa.

Sai masu sanya takunkumi, gida biyu. Gidan farko p15, p16, p18 da p19, su CDK4 da CDK6 kawai suke kamawa. Gida na biyu p21, p27 da p57, hannunsu ya fi tsawo. A samansu akwai p53, wanda idan DNA ya lalace yakan taru ya kunna p21 a tsayar da tafiya har a yi gyara, idan gyara ya gagara ya umarci sel ya kashe kansa. Kusan rabin cututtukan kansa na ɗan Adam ana samun p53 a lalace cikinsu. A riƙe wannan, domin duk abin da zai biyo baya a kansa yake: masu hana nama tofowa su ne dai masu hana cutar kansa tashi.

Naman jiki bai zama ɗaya ba wajen wannan tafiya. Fatar cikin hanji na sabuntuwa duk kwana 3 zuwa 5, ɓargo na fitar da jajayen ƙwayoyin jini sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kowace ta yi kwana 120 ta mutu. Waɗannan su ne aji na farko: suna da iyayen sel, wato masu haifar da sababbin sel, da ba sa barin hanya. Shi ya sa maganin kansa da ke kashe sel mai rabuwa yake zubar da gashi, ya kawo gyambon baki da gudawa, fararen ƙwayoyin jini kuma su yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 da 14 bayan an sha ƙarin ruwan.

Hanta

Hanta tana aji na biyu, masu hutawa. A hantar baligi mai lafiya da ƙyar a samu sel ɗaya cikin dubbai yana rabuwa. A 1931 Higgins da Anderson suka nuna a Amurka cewa idan aka cire kashi 2 cikin 3 na hantar ƙaton ɓeran gwaji, nauyinta na dawowa cikin mako guda zuwa kwana 10, kuma har yau da wannan gwaji ake karatun fannin. Abin lura shi ne ɓangarorin da aka yanke ba sa sake fitowa yadda wutsiyar ƙadangare ke yi. Ragowar ce ke kumbura har ta cike nauyin, siffar kuwa ta canja ke nan.

Matakan a jere suke. Cikin mintuna da awannin farko, jinin da ke tahowa daga hanji ya matsu cikin ƙaramar hanta, sel ɗin garkuwar jiki da ke zaune a cikinta su saki saƙonni biyu, TNF da IL-6. Waɗannan ba sa raba sel, tashinsa kawai suke yi daga G0. Sai saƙonnin girma, HGF da dangin EGF, su ɗauke shi su kai shi tsakiyar G1, inda saikilin D1 ke tashi a tuge turken Rb. A ƙaton ɓera kwafar DNA na kaiwa ƙololuwa a awa 24, a ƙaramin ɓera tsakanin awa 36 da 48. Sel ɗin hanyoyin jini da na matsarmama suna biyo baya da kwana ɗaya ko fiye. Lissafin ba shi da wuya: daga kashi 1 a koma kashi 3, kowane sel na buƙatar rabuwa tsakanin sau ɗaya da sau biyu kawai. Kuma ba duka aikin ne rabuwa ba. An nuna a ƙaramin ɓera cewa idan kashi 30 cikin 100 kawai aka cire, sel ɗin ƙiba suke yi su cike gurbin, kusan ba tare da rabuwa ba. Idan nauyi ya cika, TGF-beta da wasu saƙonni su ɗaga p15 da p21 da p27, kowa ya koma mazauninsa. Tsayawar nan ita ce abin mamaki fiye da tashin.

A wurin likitan fiɗa wannan ilimi lissafi ne na rai da mutuwa. Idan hanta lafiyayya ce, ana so a bar aƙalla kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Idan ta sha maganin kansa, wajen 30. Idan ta riga ta yi tabo ta ƙanƙance, 40 ko fiye, wani lokaci ma ba a taɓa ta. Idan aka bar ƙasa da haka, ragowar na shiga tsaka mai wuya: ana so ta rabu, ana kuma so ta tace jini ta haɗa sinadaran daskarar da jini a lokaci guda, sai shawara ta bayyana, ciki ya tara ruwa, hankali ya gushe. Dabarar da ake yi ita ce a toshe jijiyar da ke kai jini ɓangaren da za a yanke, a jira mako 4 zuwa 6 ɗaya ɓangaren ya girma, sannan a shiga fiɗa.

Mu a nan Gana matsalarmu ba yanka ɗaya ba ce, ƙananan raunuka ne na shekara da shekaru. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan, kuma da yawan masu shi tun suna jarirai ko ƙananan yara suka kamu. Garkuwar jiki na kashe sel ɗin da cutar ta shiga, maƙwabtansu su rabu su cike gurbi, a sake kashewa, a sake cikewa, shekara 20, shekara 30. Kowace rabuwa na rage tsawon telomiya, wato murfin da ke bakin kuromosom. Idan ya gajarce, p53 na ɗaukarsa tamkar DNA ya karye, ya kunna p21, sel ya zauna zaman tsufa. Gurbin da aka kasa cikewa da sel sai a cike shi da zaren tabo. Hantar da ta ƙanƙance hanta ce da ta tofo har ta gaji.

A cikin wannan hali duk sel ɗin da ya yi nasarar fizge takunkumi shi zai mamaye fili, kuma akwai mai taimaka masa a cikin buhunanmu. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba tana fitar da gubar afulatoksin. Hanta da kanta ke juya gubar zuwa wani sinadari da ke manne wa DNA, kuma yana da wurin da ya fi so a jikin ƙwayar gadon p53, matsayi na 249, inda harafin G ke komawa T, furotin ya fito gurgu. Tun 1991 aka ga wannan tambari a kansar hanta daga Sin da kudancin Afirka, daga baya aka same shi da yawa a Gambiya. Idan cutar B da gubar suka haɗu a mutum ɗaya, haɗarin ninkuwa yake yi. Dafuwa ko suya ba sa kashe gubar, don haka koko ko ƙuliƙulin da aka yi da ruɓaɓɓen hatsi yana ɗauke da ita. Masara ta bushe har danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa, gyaɗa zuwa wajen 7, a ɗora buhu kan katako, a tsince ƙwayoyin da suka canja launi a zubar.

Zuciya

Sel ɗin naman zuciya suna aji na uku, waɗanda suka kama sana'a. An daɗe ana cewa ba sa rabuwa sam, sai a 2009 masu bincike a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka auna da wata dabara. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 zuwa 1963 sun ƙara yawan kabon-14 a iska, ya shiga abinci, ya shiga DNA, saboda haka yawansa a cikin sel na nuna shekarar da aka haifi sel ɗin. Sakamakon: kusan kashi 1 cikin 100 ke sabuntuwa a shekara ga ɗan shekara 25, ya sauka ƙasa da rabin haka a shekara 75. Fiye da rabin sel ɗin da tsoho zai mutu da su, da su aka haife shi. Babban bugun zuciya kuwa na iya hallaka sel kusan biliyan 1 cikin awanni.

Kifin zebra ba ya da wannan damuwa. A 2002 aka yanke kashi 20 cikin 100 na ɗakin zuciyarsa, cikin wata 2 ya mayar. Abin da ya girgiza fannin shi ne gwajin 2011 a birnin Dalas na Amurka: ɗan ɓera mai kwana 1 da aka yanke wa ƙarshen zuciya ya mayar da shi cikin kwana 21, da nama ba tabo ba, kuma daga tsofaffin sel ɗin zuciyar sababbin suka fito. Aka maimaita a mai kwana 7, sai tabo. Ashe dabba mai shayarwa na da kayan aikin, rufe su ake yi a makon farko.

An san kaɗan daga makullan. Bayan haihuwa saikilin A2 da B1 da CDK1 suna yin shiru, p21 da p27 su tashi. Wani furotin mai suna Meis1 na kunna p15 da p16 da p21 a lokaci ɗaya, kuma da aka cire shi a ɓera, lokacin rabuwa ya tsawaita. Iska ma na da hannu: jariri na fitowa daga mahaifa mai ƙarancin oksijin zuwa duniya mai yawansa, zuciya ta koma ƙona kitse a madadin suga, tartsatsin wannan ƙuna ya riƙa taɓa DNA, masu gadi su tsayar da tafiya. Akwai kuma hujjar cewa sinadarin tayirod, wanda ke tashi bayan haihuwa ya ba mu ɗumin jiki, na cikin masu rufe ƙofar. Ga kuma matsalar gini. Cikin sel ɗin zuciya a cushe yake da zaruruwan da ke tsukewa, ba zai rabu ba sai ya warware su, wanda ya warware kuwa ya daina bugu na ɗan lokaci.

Shi ya sa da yawansu kan fara tafiya su tsaya a hanya. A ɓera mafi yawa suna raba cibiya, wato ɗakin da DNA ke ciki, amma su kasa yanke jiki, su zama sel ɗaya mai cibiya biyu. A mutum mafi yawa cibiya ɗaya gare su, amma DNA ɗin cikinta ya ninka. Sel irin wannan da wuya ya sake rabuwa. Da aka tilasta wa kusan rabin sel ɗin zuciyar kifin zebra suka ninka haka, shi ma sai ya koma yin tabo.

An gwada buɗe ƙofar da ƙarfi. A 2018 wata tawaga a Cibiyar Gladstone ta Amurka ta cusa ƙwayoyin gado 4 tare, CDK1 da saikilin B1 da CDK4 da saikilin D1, kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na sel ɗin da suka karɓa suka rabu, aikin zuciyar ɓerayen da aka jikkata ya inganta. Darasin shi ne ɗaya ba ya isa: idan aka tura ƙofar M kawai, sel na shiga bai shirya ba ya mutu, idan aka tura ta G1 kawai, ya kwafi DNA ya tsaya. A 2019 wata tawagar Italiya ta ba aladun da aka jawo wa bugun zuciya wani ɗan guntun RNA, ɗan'uwan DNA, mai suna miR-199a ta cikin ƙwayar bairos da aka horar. Bayan wata guda tabo ya ragu, zuciya ta ƙara ƙarfi. A mako na 7 zuwa 8 mafi yawan aladun suka faɗi matattu saboda rikicewar bugu, domin babu hanyar kashe saƙon, ɗanyun sel suka yi ta yaɗuwa cikin naman. Garin neman gira aka rasa ido. A ganinmu wannan gwaji ya fi duk na nasara amfani, domin ya nuna cewa buɗewa ba ita ce wahalar ba. Wahalar ita ce a buɗe na kwanaki ƙididdigaggu, a sel ɗin zuciya kaɗai, sannan a rufe. Kansar da ke farawa daga naman zuciya abu ne da ba kasafai ake gani ba, kuma ana ganin wannan kulle na cikin dalilan.

Kunnen ɓera da kunnen mutum

A ɗakunan gwaji akan huda kunnen ɓera don a gane shi. A Cibiyar Wistar ta Filadelfiya, Ellen Heber-Katz ta lura cewa wani iri mai suna MRL na rufe hudar milimita 2 cikin wata guda, har da sabon guringuntsi. An wallafa wannan a 1998. A 2010 aka gano sel ɗinsa ba sa fitar da p21 yadda ya kamata, kuma ɓeran da aka cire wa p21 da gangan shi ma yana rufe hudar. Jaridu suka yi ta shelar an gano mabuɗin tofowar gaɓoɓi. Ba a nan take ba. Da aka faɗaɗa hudar zuwa milimita 4, MRL ya kasa. Wanda ya iya shi ne ɓera mai ƙaya da aka kamo a Kenya, wanda aka bayyana a 2012: fatarsa na yagewa cikin sauƙi ya kuɓuce wa maƙiyi, ta dawo da gashinta. A bakin rauninsa sel na wucewa cikin zangunan ba tare da p21 da p27 sun taru a cibiya ba, amma kuma garkuwar jikinsa da irin zaren da yake shimfiɗawa a rauni duk daban suke. Cire takunkumi na ba da yawan sel. Wanda zai gaya musu inda za su tsaya da abin da za su zama, wani aiki ne dabam.

Can cikin kunnen mutum akwai sel masu gashi kimanin 15,000 a kowane gefe, tun mutum yana cikin mahaifa p27 ya zaunar da su da maƙwabtansu. Kaza na mayar da nata idan sun mutu, mu ba ma mayarwa. Ɓeran da aka cire wa p27 ya samu ƙarin sel ɗin, amma a hargitse, jinsa ya lalace, ga ƙari a wani gland, wato ƙullin nama mai fitar da sinadari, da ke ƙasan ƙwaƙwalwa. Saboda haka makanikin Suame Magazine da ke yini kusa da injin niƙa ƙarfe, da yaran da ake zaunarwa gaban lasifika a wurin biki, su sani ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙara na yin ɓarna idan aka daɗe cikinta awa 8, kuma kowane ƙarin desibel 3 na rage lokacin da rabi. Allurar jentamaisin ma na iya kashe waɗannan sel idan aka yi ta barkatai.

Tsufa kuwa p16 ne tambarinsa, yana ƙaruwa a nama da yawa yayin da shekaru ke tafiya. A tsofaffin ɓeraye ƙwarai, iyayen sel na tsoka kan kasa tashi bayan rauni saboda p16, da aka danne shi suka tashi. Wurin da p16 yake a kuromosom na 9 yana fitar da wani furotin na biyu, ARF, mai ƙarfafa p53. A 2010 aka nuna cewa sel ɗin tsokar ɓera da ya riga ya zauna ba ya komawa rabuwa sai an danne Rb da ARF tare na ɗan lokaci. Kulle biyu ne a ƙofa ɗaya. Sai dai sel ɗin da suka zauna zaman tsufa ba duka ne sharri ba: a sabon rauni suna fitar da saƙon da ke saurin rufe shi, kuma suna rage yawan tabo. Idan suka taru suka ƙi tafiya, kamar yadda ake gani a gyambon ƙafar mai ciwon suga, sai su zama cikas.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe

Ga ɗaliban jami'o'in KNUST da Legon da ke son aiki a wannan fanni, babban tarko shi ne ɗaukar alamar shiga tafiya a matsayin hujjar rabuwa. Alamomin nan sinadarai ne da ake rinawa a gani a madubin gwaji: Ki67 na fitowa a duk zangunan ban da G0. EdU da BrdU na nuna an kwafi DNA ne kawai. Alamar pH3 na nuna an shiga M. Babu ɗayansu da ke tabbatar da sel ya zama biyu, kuma hanta da zuciya, inda aka fi son amsar, su ne suka fi tsayawa a hanya. Ana buƙatar ganin furotin Aurora B a tsakiyar sel biyu da ke yankewa, ko a ƙirga sel bayan an warware naman. A zuciya kuma mafi yawan cibiyoyin da ake gani a madubin gwaji ba na sel ɗin bugu ba ne, na hanyoyin jini ne da masu saƙa tabo, su ne kuma ke rabuwa da yawa bayan rauni. Sai an haɗa da alamar PCM1, mai nuna cibiyar sel ɗin bugu, da mai zana iyakar sel. Irin wannan fanni ne da ya sha kunya: a 2018 Jami'ar Harvard ta nemi a janye takardu 31 da suka yi iƙirarin samun iyayen sel a zuciya.

Idan da na'urar ƙirga sel za a auna DNA, a zuba barasar gwaji mai sanyi ta kashi 70 cikin 100 ɗigo-ɗigo ana kaɗawa don kada sel su dunƙule, a sa RNase mai narkar da RNA kafin rini, in ba haka ba rinin zai kama RNA ya ɓata hoton. Sel biyu da suka manne na fitowa tamkar ɗaya da ke G2, a tace su. A hanta kuma tsaunin da ke fitowa a hoton, wanda ake ɗauka na G2 ne, galibi sel ne masu ninkin DNA da ke zaune lafiya a G0. Nama ya shiga fomalin, ruwan adana nama, nan take, kada ya wuce kwana 3 a ciki. Kuma ranar da dumsor, wato ɗauke wuta, ya kwana, a sake gwada sinadaran da ke firji a kan naman da aka san amsarsa, kamar hanji, kafin a yarda da sakamakon da ya fito babu komai.

Abin da ke hannun likita yau

Magungunan da suka fito daga wannan ilimi har suka isa asibiti, masu tsayarwa ne. Palbociclib, wanda Amurka ta amince da shi a 2015 don wani nau'in kansar mama, yana toshe CDK4 da CDK6. Ana shan sa kwana 21 a huta kwana 7, domin ɓargo ma yana tsayawa. Trilaciclib na 2021 juya dabarar ya yi: ana ba da shi gab da maganin kansar huhu don ya zaunar da iyayen sel na ɓargo a G1 har gubar ta wuce. Hydroxyurea da masu sikila ke sha yana rage kayan kwafar DNA a zangon S, shi ya sa ake bin sa da gwajin jini a kai a kai. Maganin da zai sa zuciya ta tofo kuwa yana matakin gwaji. Garin tsiro da ake tallatawa a kasuwar Kejetia da WhatsApp da sunan iyayen sel, ana karɓar ɗaruruwan sidi, ungulu ce da kan zabo: sel ɗin tsiro ba ya zama sel ɗin mutum, ciki narkar da shi yake yi kamar kowane ganye. Da a ce yana tuge turken Rb a duk jiki da gaske, da gudunsa ya kamata a yi.

Akwai dai wani wuri da mutum ke tofowa har da siffarsa ta da, kan yatsa. A 1974 Cynthia Illingworth, likitar yara a Shafil ta Ingila, ta bayyana cewa yaran da ƙofa ko wuƙa ta gutsure wa kan yatsa suna mayar da shi cikin 'yan watanni, da farce da nama, muddin yankan bai wuce gindin farce ba. A gindin farcen ne iyayen sel suke, su ke kiran jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ji, jijiyoyin kuma su ba da saƙon girma. Idan aka janyo fata aka ɗinke bakin raunin, tofowar ba ta faruwa. Don haka a danne jini da tsumma mai tsabta, kada a zuba toka ko gari ko man birki, a kai yaron asibiti tare da guntun in an same shi, a naɗe cikin ƙyalle mai ɗanshi a cikin leda, ledar a kan ƙanƙara ba guntun kai tsaye ba. Likita zai duba ƙashi da inda yankan ya tsaya, a yi allurar tetanus in ana buƙata, sannan ya zaɓa tsakanin ɗinki da bandeji mai riƙe danshi da za a riƙa canjawa.